Shedar Da Na Hana Malam Sahabi

Ina kwata da hantsin Laraba, na tsuguna ina duba huhun wani bijimi, sai ga Labbo mahauci ya shigo ba wuƙa a hannunsa. Bai gaishe da kowa ba, abin da ba halinsa ba ne. Ya tsaya a tsakiyar fili ya ce, "Jama'a, sai haƙuri. Sahabi ya cika yanzunga." Mahauta suka ɗauki salati, masu fiɗa suka miƙe tsaye. Ni kuwa na ci gaba da tsuguno ina tambayar kaina wane Sahabi. Sai da Labbo ya dube ni ya ce, "Malaminka, Bashiru," sannan na gane. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mutumin da ya koya mini aikin da nake ci da iyalina, wanda na sani shekara goma cur, ranar da ya bar duniya sai da aka yi mini bayanin sunansa.

Mu a wurin aiki Malam Umaru muke ce masa, haka kuma yake a duk takardunsa. Dalilin sunan nan biyu ba asiri ba ne, kowa ya san shi a unguwar mahauta ta Talatar Mafara. Yana ƙaramin yaro mai unguwa ya bi gida-gida yana rubuta yaran da za a sa boko. Mahaifinsu ya ba da sunan babban ɗansa, Umaru. Kafin a buɗe makaranta tsohon ya sake shawara, don Umaru ya riga ya iya fiɗa, sakinsa asara ne ga gida. Sai ya kama hannun ƙaramin, wato Sahabi, ya kai shi bakin aji, ya ce masa, "In anka kira Umaru, ka ce na'am." Ya ce na'am. Malamin aji ya sani, mai unguwa ya sani, babu wanda ya ga abin magana a ciki, gidaje da yawa ma haka suka yi. Da wannan na'am ɗin ya gama firamare, ya wuce makarantar koyon aikin dabbobi, ya kama aikin duba nama. Yakan faɗa yana dariya, "Yayana ya ba ni aron suna, har yau ban maida mai ba."

Na zo hannunsa ne a lokacin da duniya ta ƙi ni. Na gama difloma a fannin lafiyar dabbobi, na yi shekara uku ina yawo da ambulan ɗin takarduna. Na je Gusau har direbobin tasha suka san ni. Wannan ofishi a ce oga ya fita, wancan a ce in bar takarduna za a neme ni, kuma har yau ba a neme ni ba. Na sayar da katin waya, na koyar a wata makarantar kuɗi wata biyar, aka sallame ni saboda ƙanen mai makarantar ya gama karatu. Mahaifina ya gaji da ganina a zaure, ya je ya roƙi Malam ya bar ni in riƙa binsa ko hannuna ya saba. Ranar farko bai tambaye ni takarda ba. Hanta ya miƙo mini da wuƙa, ya ce in tsaga in gaya masa abin da na gani. Na tsaga, na ɗaga kai na dubi mai naman, wani dattijo da ya kafe ni da ido, na ce lafiya lau take. Malam ya karɓa ya matsa, sai ga tsutsotsi suna fitowa. Ya ce, "Duba naman tukuna, sannan ka duba mai naman. In kaf fara da huskatai, ba ka ganin komi ga hantar."

Shekara huɗu na yi ina binsa aikin sa-kai. Ranar kasuwa mu hau babur ɗinsa zuwa Bakura ko Maradun, ni a baya rungume da akwatin allura. A hanyar Dakko Fulani sukan tare shi ya duba musu maraƙi, ya sauka ya duba, ya sha nono, ya hau mu wuce. Ban taɓa ganin ya karɓi tsoka ɗaya daga hannun mahauci ba. Sukan saka masa a jakar babur bai sani ba, in ya gani sai ya juya ya mayar, ko da mun kusa gida. Matarsa, Inna Luba, takan yi masa tsiya cewa ita kaɗai ce matar mai duba nama da ke miyar kuka ba ko ƙashi. Wata rana ya hana naman ɗan baffansa, saniya guda, saboda huhunta ya ruɓe. Da hannunsa ya zuba mata kananzir aka binne. Mutumin ya zage shi a gaban jama'a har ya ambaci iyaye. Washegari da sassafe Malam ya tuɓe farar rigarsa bayan ya gama dubawa, ya ɗauki wuƙa ya taya shi fiɗa, haka ya yi ta yi har mako guda ba tare da sun yi wa juna magana ba.

Rashin aikina kuwa, Malam ya fi ni jin zafinsa. Kwafin takarduna ba sa barin jakarsa. Duk babban da ya zo duba kwata sai ya tare shi ya ce, "Ranka ya daɗe, ga wani yaro nan, ya hi ni ido." Ƙarya ce, ban fi shi ba, kuma ita ce ƙarya ɗaya da na san yana yi.

Kuskurensa, idan kuskure ne, a gabana ya yi shi. Da aka zo yin katin ɗan ƙasa muka je tare. Mai rubutu ya tambaye shi suna, ya ce Sahabi. Na taɓa shi na ce, "Malam, ba haka yake a takardunka ba." Ya ce ya sani. Ya daɗe da niyyar aikin hajji, kuma an gaya masa da katin nan ake yin fasfo. Ya ce, "Makaranta na amsa sunan wani, wurin aiki na amsa sunan wani. Ɗakin Allah kam ba ni zuwa da sunan aro." A ranar maganar ta yi mini daɗin ji. Da ni da shi babu wanda ya hango inda za ta kai.

Bayan shekara guda yayansa Umaru, mai sunan na ainihi, ya rasu. Ba a daɗe ba aka turo kwamitin tantance ma'aikata. Ba zan kama sunan ma'aikatar ba, ba kuma zan ce 'yan kwamitin mugaye ne ba. Samari ne daga nesa, da kwamfutocinsu, ba su san kowa ba a garin. Suka ga fayil ya ce Umaru, kati ya ce Sahabi. A kan teburinsu kuma akwai wasiƙa ba sa hannu, wadda ta ce Umaru ya mutu, ƙanensa ne ke cin albashinsa. Wanda ya rubuta ta ya san gaskiyar magana sarai, shi ya sa ya iya jera ta haka. Suka aika unguwa a tambaya ko Umaru ɗan gidan wane ya rasu. Aka ce ƙwarai ya rasu, ga ma kabarinsa. Duk wanda aka tambaya gaskiya ya faɗa, kuma da gaskiyar nan aka yanka shi.

Ya tsaya a gabansu ya ce, "Ku tahi kwata ku tambayi mahauta wa ad duba musu nama shekara ashirin da bakwai." Suka ce mahauta ba ma'aikata ba ne, shedarsu ba ta shiga fayil. Aka soke sunansa, aka rubuta cewa ma'aikacin ya rasu. Alfarma ɗaya suka yi masa. Suka ba shi takarda mai gurbin sa hannu biyu, suka ce in ya samo ma'aikata biyu da ke bakin aiki suka shaida shi ne mutumin da ya yi aikin tun farko, za a sake duba maganarsa. Baba Sambo masinja, wanda saura masa wata uku ya yi ritaya, ya dangwala nasa a ranar. Sauran abokan aikinsa kowa ya noƙe. Wannan ya rage shekarun haihuwa, wancan takardar firamarensa ta ɓata, babu mai son kwamiti ya sake buɗe fayil ɗinsa. Mutanen da suka ci abinci kwano ɗaya da shi suka koma gaishe shi daga nesa.

Wata biyu bayan haka takardar kama aikina ta fito. Gurbinsa aka ba ni, har hatimin da yake buga wa nama. A nan ne maganar ta zo kaina, kuma saboda wannan nake rubutun nan.

Ya zo gidanmu da la'asar yi mini murna. Ya kawo dabino, ya kawo farar rigarsa a wanke a goge, da wuƙar dubawarsa. Ya yi mini addu'a mai tsawo har mahaifina ya yi hawaye. Da zai tashi ya zaro takardar nan daga aljihu ya ajiye a kan tabarma, bai ko dube ni ba, ya ce, "Yanzu kai ma ma'aikaci na. In kas samu sukuni." Na ce, "Gobe-goben nan, Malam." Da gaske nake a lokacin. Washegari na nuna wa shugaban sashenmu. Ya karanta, ya miƙo mini, ya ce, "Gurbin ga guda na, Bashiru. In mai shi yat tashi daga matattu, kai ina za ka?" Matata na da cikin fari. Shekara bakwai ina jiran wannan takarda ta kama aiki. Na ninke takardar Malam na saka a cikin ambulan ɗin da na yi yawon neman aiki da shi, na ce sai an tabbatar da ni a aikin tukuna. Da aka tabbatar da ni na ce sai an canja shugaba. Da aka canja shugaba na ce ai magana ta tsufa. Haka na yi shekara shida ina ba kaina dalili.

Shi kuwa ya shiga neman abin yi yana da shekara hamsin da wani abu. Ya fara komawa fawa, sana'ar gidansu. Hannunsa bai manta ba, amma mahautan da ya taɓa hana wa nama su ma ba su manta ba. Suna wucewa ta gaban teburinsa suna cewa, "Likita, yau wa za ya duba naka?" Ga shi ba ya sayen dabba mai araha in ya ga alamar ciwo, alhali a nan ribar take. Bai shekara ba ya tattara. Ya karɓi aron fili a Bakolori ya shuka albasa. Ta yi kyau, amma bai san ajiyarta ba, rabi ta ruɓe a rumbu kafin kasuwa ta tashi. Ya samu gadin ƙofa a wani injin casar shinkafa. Wata uku ya yi, mai injin ya ji labari ya kira shi ya ce shi ba ya ajiye wanda ya ci albashin matacce a bakin dukiyarsa.

Daga ƙarshe ya koma dillancin shanu a kara, kuma ban taɓa ganin dillalin da bai dace da sana'arsa ba kamarsa. Mai saye na taya saniya, shi da ya kamata ya zuga, sai ya ɗaga mata fatar ido ya ce, "Wagga tana da ciwon sammore, in kiwo za ka yi bar ta." Masu shanu suka daina ba shi igiya. Masu saye kuwa suna nemansa ya duba musu, su ce Allah Ya saka da alheri su tafi. Na taɓa ce masa ya riƙa kame bakinsa ko ya samu na cefane. Ya ce, "Ni anka kora, Bashiru. Idona ba a kore shi ba." Maganar hajji tun a shekarar farko ta mutu, abin da ya tara ya tafi a abinci da makarantar yara. Katin da ya yi don zuwa ɗakin Allah bai kai shi ko Gusau ba.

A kara ɗin ne muka yi maganar takardar, sau ɗaya tak. Bai tambaye ni ba, ni ne kunya ta ishe ni na fara kame-kame, ina cewa ana nan ana ƙoƙari. Ya ɗaga hannu ya ce, "Bari, ɗana. Shekara huɗu kana bayana ba a ba ka komi ba. Ci abincinka. Ka dai duba huhu da kyau." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na karɓi maganar nan na mai da ita izini, alhali na san ba yafe takardar ya yi ba, ni ya tausaya wa.

Yunwa ba ta karya shi ba, sunan da aka laƙa masa ne ya karya shi. An taɓa ba shi riƙon makullin ɗakin ajiya na masallacin unguwarsu. Wani ya yi gunaguni a bayan sahu, maganar ta dawo kunnensa, ya kai wa liman makullin a ranar. Babbar 'yarsa, Rabi, ta gama kwalejin horon malamai ta je neman koyarwa, wata daga cikin masu ganawar ta tambaye ta ko ita ce 'yar mutumin nan na maganar albashi. Ta dawo gida ta rufe ɗaki. Duk wannan ina ji, kullum da safe kuma ina buga wa nama hatimin da babban yatsansa ya siɗe wa mariƙi.

Mako biyu kafin rasuwarsa na je gaishe shi, hawan jini ya kwantar da shi. Ya tambaye ni ko an gyara magudanar kwata, ya tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Da na fito Inna Luba ta biyo ni har zaure, ta tsaya a bayan ƙofa ta ce, "Bashiru, ba aikin yaka so ba yanzu, ba shi iyawa. Kullum abin da yaka hwaɗi, ba shi son ya mutu da sunan ɓarawo." Na ce, "In sha Allahu cikin satin nan, Inna." Satin ya wuce, na biyu ya shiga, sai ga Labbo a kwata.

Jana'izarsa ta cika. Mahauta sun rufe tebura, Fulani sun zo daga Dakko da ƙauyukan Maradun duk da halin da hanya take ciki. Na ga masu kiransa likita da izgili a sahun gaba, na ga abokan aikin da suka noƙe suna share ido. Ina jin haushinsu, sai na tuna su tsoron fayil ɗinsu suka ji, ni kuwa kujerarsa nake kai. A cikin duk masu ɗaukar makarar babu wanda ya kai ni laifi.

Kwana biyar bayan haka na zaro takardar. Ta yi ja a wurin ninki, dangwalen Baba Sambo na nan, shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Na sa hannu a gurbi na biyu. Ba zan yaudari kowa ba, na sa hannun ne a ranar da na tabbata mai kujerar ba zai dawo ba. Na kai ofis, na ba magatakarda, na yi masa bayani tun daga bakin aji har kabari. Ya saurare ni da kyau, ya nemo fayil ɗin ya kaɗe shi, ya buɗe shafin ƙarshe. Ya ce, "Yaushe yar rasu?" Na ce Laraba. Ya ce, "Allah Shi jiƙan shi. To ai yanzu fayil ya yi daidai. Mi za a gyara?" Ba izgili yake yi ba, da zuciya ɗaya ya tambaya. Ya miƙo mini takardata, na karɓa na fito.

Ban wuce gida ba, gidan makoki na koma. Na roƙi a kira mini Rabi, na ba ta takardar na gaya mata komai. Ta duba sa hannun nan biyu ta daɗe, sannan ta ce, "Yaya Bashiru, tawadar ma ba ta bushe ba." Ta ninke ta shiga da ita ciki. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban nema ba.

Tunda ofis ba shi da inda zai ajiye shedata, zan ajiye ta a nan, inda mahauta da makiyaya da maƙwabta za su ji. Ni Bashiru, wanda ke riƙe da gurbinsa, na shaida cewa mutumin da ya duba naman garin nan shekara ashirin da bakwai shi ne Sahabi. Shi ya zauna a aji, shi ya ci jarrabawa, shi ya tsaya a cikin jini da ƙazanta kowace safiya don kada ciwo ya shiga tukunyar wani. Bai ci albashin kowa ba sai na guminsa. Wanda ya rubuta wasiƙar nan ya sani, abokan aikinsa sun sani, ni ma na sani tun ranar farko, na kuma yi shiru shekara shida saboda ina tsoron komawa zaure da ambulan. Duk wanda zai sake tambayar Rabi ko ita 'yar wane ce, ya zo kwata ya tambaye ni.

Ya Allah, Kai ba Ka bukatar sa hannun mutum biyu. Ka san bawanKa da sunan da aka raɗa masa ranar suna. Ka jiƙan Sahabi, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka karɓi niyyarsa ta zuwa ɗakinKa a matsayin zuwa. Ka jiƙan yayansa Umaru da mahaifinsu, waɗanda ba su nufe shi da sharri ba, Ka jiƙan Baba Sambo da ya fi mu zuciya. Ka ba Inna Luba haƙurin wannan rashi, Ka buɗa wa Rabi da ƙannenta ƙofar abinci na halal, Ka wanke su daga abin da aka shafa wa ubansu. Ni kuma da na hana shi sheda yana raye, Ka sa ya yafe mini a ranar da za a kira kowa da sunansa. Allah Ya kyautata namu ƙarshen, amin.